Ranar da Na Kashe Ƙanwar Mijina da Kwamfuta

Ko tsufa na yi har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa iya mantawa da ranar da Zara'u ta haihu ba. Amma kafin in kai ku can, bari in faɗa muku abin da ya daɗe yana ci mini rai tun kafin ranar, wato tsoron kada mutane su gane ban san komai ba.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. A ƙaramar sakandare na tsaya. Turancina na karanta kwalin magani ne, shi ma sai na bi da yatsa. Ga ni kuma da fargaba ('yata Ummi ta yi atishawa ɗaya, ni na riga na fara neman hijabin zuwa asibiti). To da aka buɗe wani aji na koya wa mata kwamfuta kyauta kusa da mu a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi, na nuna ina so, maigidana Baban Ummi ya yarda. Wadda ba ta yarda ba ita ce Inna, mahaifiyarsa, da ke Argungu.

"Macce da goyo, mi ya haɗa ta da kwamhuta?" in ji Inna. Da ƙyar ya lallaɓa ta. Ta ce, "To a gwada. Amma randa duk na ji abin da ban so ba, ta zamna gida."

Wannan magana ita nake ɗauka in tafi aji da ita kullum, tare da Ummi a baya da gorar kununta a jaka.

Da farko buga rubutu aka koya mana, daga baya aka shiga kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarnin abin da za ta yi. Abin da na fahimta shi ne, kowane guntun aiki sai ka ba shi suna, in ka kira sunan sai kwamfuta ta yi aikin. Akwai kuma abin da muke ce wa bayanin gefe: layi ne da za ka sa wa alama a gaba, ka rubuta duk abin da ka ga dama don tuna wa kanka. Kwamfuta ba ta karanta shi, tsallake shi take yi. Na mutane ne kawai.

Malama Hadiza, wadda ke koyar da mu, ta sha faɗa cewa mu ba aiki suna mai faɗin abin da yake yi, ko da Hausa ne, kwamfuta ba ruwanta. Ina gyaɗa kai. Amma 'yan matan da ke gefena masu difloma ne, kuma in na saci kallon allonsu sai in ga ƙananan baƙaƙe, x da y da su f, abin gwanin sha'awa kamar rubutun likita. Sai na ce a raina, in na zauna ina rubuta dogayen sunaye da Hausa ai na tona wa kaina asiri. Don haka ni ma na koma x da y. In na ji zan manta, sai in ɓoye Hausata a bayanin gefe, ƙanana, inda ba mai lura.

Da aka ce kowa ta ƙirƙiro abin da zai yi amfani a gidansu, ni na san nawa. Dangin Baban Ummi suna da yawa, sun watsu daga Argungu zuwa Augie zuwa Zauro, kuma tsofaffin duk ƙaramar waya ce da su mai maɓalli. In abu ya faru sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, a manta da wani, ya yi fushi har sallah ta zagayo. Sai na haɗa ɗan abin da zai tura wa kowa saƙo a lokaci guda. Ayyuka biyu na yi masa. Ɗaya na barkar haihuwa, ɗaya na sanarwar rasuwa. Ka sa sunan mutum da wuri, shi ke nan. Na ba su suna f1 da f2 (ku ji fa, kamar lambar keken ɗinki), na rubuta a sama, a bayanin gefe: f1 na barka ne, f2 na rasuwa.

Rasuwa ce ta fara zuwa. Wani kakansu ya cika a Augie, Baban Ummi ya ce to ga ranar abin naki. Na buɗe kwamfutar da makaranta ta ba mu aro, na kira f2, sai ta watso mini jan rubutu da Turanci, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ummi na haƙori tana tsala ihu a bayana, Baban Ummi na tsaye a kaina da hula a hannu. Na gwada f1 da lambata, na ga shi lafiya lau yake aiki. Sai dabara ta zo mini. Na gangara can ƙasa na kwashe kalmomin rasuwa na zuba a f1, na kwashe na barka na jefa a f2, na tura. Ya tafi! Na ce bayanin da ke sama zan gyara shi an jima, in yarinyar nan ta yi barci.

Ummi ta yi barci. Ni ma na yi.

Kowa ya samu jana'iza a kan lokaci, aka yi ta sa mini albarka. Har Inna ta ce, "Ashe abin na da amhwani." Ranar ban taka ƙasa ba. Na rufe kwamfuta da wannan aikin, ban sake leƙa shi ba, damina ta wuce, aka yi girbin shinkafa.

Yanzu ga Zara'u. Ita ce autar su Baban Ummi, 'yar lelen Inna, kuma cikin fari ne da ita. Cikin ya zo da laulayi, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce ta zauna kusa da babban asibiti. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, don haka aka kawo ta wurinmu a Birnin Kebbi. Dangi kaf sun san cikin nan ana jin tsoronsa. Inna kuwa ga hawan jini, ga tunani, kullum sai ta aiko a tambayi jiki.

Allah cikin ikonsa, da asuba Zara'u ta sauka lafiya, 'ya mace ƙatuwa mai gashi. Da hantsi aka sallame mu. Baban Ummi ya kira mijinta ya yi masa albishir, ya nemi wayar Inna ya ji a kashe (wayar Inna ta fi zama a kashe a ƙarƙashin filo, wai don kada ta gaji). Sai ya ce mini, "Maman Ummi, tura wa kowa da abin nan naki, wani zai kai mata labari. Ni zan je Zauro in samo itacen wanka, in biya in sayo ƙafar sa." Ya hau babur ya tafi.

Na buɗe kwamfuta cike da murna. Na kalli f1, na kalli f2, wallahi kamar ban taɓa ganinsu ba. Wanne ne wanne? Sai na ɗaga ido sama, ga bayanina da na rubuta da hannuna: f1 na barka ne. Na ce Allah ya yi mini albarka da na yi wannan hikima. Na sa suna, Zara'u. Na sa wuri, Badariya. Na danna. Kwamfuta ta ce an aika.

Ni ban sa lambata a ciki ba, na cire ta tun bayan gwaji, haka ta Baban Ummi, don mu da muke aikawa me za mu yi da saƙo? Wayata kuma da ita na jona kwamfutar, tana gamawa ta mutu, ga ba wuta. Na miƙa ta shagon caji na kama aikina. Ta Zara'u tun da naƙuda ta fara take a kashe cikin jaka. Baban Ummi yana kan babur, tasa na aljihu tana ta kuka ba ya ji. Mijin Zara'u kuwa, daga baya na ji, dangi sun haɗa baki kada wanda ya kira shi, wai yana tuƙi kada ya faɗa rami.

Na hura wuta, na ɗora tukunyar ruwan wanka da ganyen darbejiya, na dama kunun kanwa, maƙwabciyata ta kawo farfesun kaza mai yaji. Har waƙa nake yi. Ina ta lissafin yadda Inna za ta ce, kun gani, ɗiyar nan da kwamfutarta ita ta fara ba mu labari.

Bayan azahar na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Na ji wata ta tsaya. Na ji hayaniyar mutane da yawa. Na ce ikon Allah, tun yau 'yan barka suka cika mota biyu! Na gyara ɗaurin zane, na ruga tsakar gida, ina ganin mata sun fara shigowa daga zaure sai na toshe hanci na rangaɗa guɗa.

Jama'a, guɗa. Mai tsawo. Irin wadda ake jiyowa daga bakin titi. Har da ɗan juyi na yi.

Sai da na buɗe ido na ga fuskokinsu. Idanu jajur. Mayafai a karkace, wata takalminta ma ba iri ɗaya ba ne. A gaba Gwaggo Asabe ce, yayar Inna, rungume da wani farin ƙunshi. A bayanta mata biyu sun riƙo Inna ta kowane gefe, ƙafafunta na jan ƙasa. Duk suka tsaya cak suna kallona, ni ma na tsaya da hannu a hanci.

Gwaggo Asabe ce ta fara magana, a hankali. "La ilaha illallahu. Wagga ta zare. Ku riƙe ta, abin ya taɓa mata kai."

Na ce, "Gwaggo, sannunku da zuwa, lafiya dai?"

"Lahiya? Ke, lahiya kika ce?"

Inna ta ɗago kai da ƙyar. Muryarta ta dushe, ban taɓa jin ta haka ba. "Ina ɗiyata? Ku kai ni in gan ta tun ba a rufe ta ba."

Har lokacin kaina bai kawo ba. Na ce, "Tana ɗaki, Inna, tana cin kaza."



"Tana cin mi?" in ji Gwaggo.

Ban kai ga amsawa ba labule ya ɗaga. Zara'u ce ta ji muryar uwarta ta lallaɓo. Ta fito da farin zanen asibiti da ta yafa, fuska fayau ta mai jego, gashi a tsefe, cinyar kaza a hannu. Ta ce, "Inna?"

Ban san mata masu jiki suna da gudu haka ba. Wata ta yi zaure, ta yi karo da masu shigowa, suka zube gaba ɗaya. Wata ta faɗa bayan randa. Gwaggo Asabe, wadda kullum sai an kama ta take hawa mota saboda gwiwa, ta yar da ƙunshin ta haye turmi tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Ƙunshin ya warware a ƙasa. Likkafani ne. Nata ne na kanta da ta ajiye shekara da shekaru, ta ɗauko wa Zara'u saboda ƙauna.

Inna kaɗai ba ta gudu ba. Masu riƙe da ita sun sake ta sun tsere, sai ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa. Nan na tsorata, don na san hawan jininta. Zara'u ta yar da kaza ta durƙusa ta rungume ta. Inna ta shafa fuskarta, ta shafa wuyanta, ta kama kunnenta ta murɗa.

"Wayyo Inna, da zafi!"

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. Sai a sannan ta fashe da kuka.

Ana cikin haka Baban Ummi ya faɗo gidan ba ko sallama. Ashe ya dawo da itace da ƙafar sa a bayan babur, ya tarar maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, har limamin unguwa ya zo, wani ya tare shi ya ce ya yi haƙuri, dukkanmu can za mu. Ya saki babur ya faɗi. Ya shigo ya ga ƙanwarsa a raye, ya ga uwarsa a ƙasa, ya ga gwaggonsa a kan turmi, ya rasa wa zai tambaya.

Kawu Bala, ƙanin Inna, shi ya biyo shi da waya a hannu. Ya ce, "To wa ya aiko muna wanga?" Ya nisanta wayar da idonsa ya karanta da ƙarfi, yadda na waje ma za su ji: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Zara'u rasuwa. Za a yi jana'iza bayan la'asar a Badariya."

Kalmomina ne. Ni na tsara su, har ina alfahari da yadda suka yi daɗin karantawa.

Baban Ummi ya juyo a hankali ya kalle ni. Kowa ya bi idonsa. A lokacin ne, tsaye a gaban mutanen Argungu da na Augie da suka baro albasarsu a gona, na tuna haƙorin Ummi, na tuna jan rubutu, na tuna "an jima". Da ƙasa za ta tsage da na shige har da tukunyar.

Na ce, "Ba ni ba ce... wato ni ce... f1 ne."

"Wane ne shi?" in ji Kawu Bala. "Ɗan wace unguwa ne?"

Aka ba Inna ruwa da maganinta, aka shimfiɗa mata tabarma, aka ɗora mata jaririya a cinya. Da numfashinta ya daidaita sai ta ce a kira ni, in zo da abin. Na zo na durƙusa da kwamfuta, na riga na sallama, a raina ina ta ban kwana da aji da Malama Hadiza.

"Gwada mini inda kinka kashe ta."

Na nuna mata f1. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, cewa a sama na rubuta na barka ne, amma na canza abin da ke ciki ban canza rubutun saman ba.

"Shi injin bai ga kin yi ƙarya ba?"

"Ba ya karanta wurin, Inna."

"To shi wanga da yake karantawa, mi ya hana ki kira shi da sunanshi? Mutuwa ta, ki ce mutuwa. Haihuwa ta, ki ce haihuwa." Ta ɗaga jaririyar kaɗan. "Wagga ma da ta zo yau, suna za a raɗa mata na gaskiya. Ko ita ma lamba za ki ba ta, ki manna mata takarda ga goshi?"

Matan da suka gama gudu suka samu abin dariya. Gwaggo Asabe, tana naɗe likkafaninta tana kakkaɓe ƙasa, ta ce ita dai a biya ta gwiwarta. Zara'u ta ce, "Ni dai na gode, Anti, yau na ga masu sona. Gwaggo har da likkafaninta! Amma Kawu, ina 'yarka Larai? Ko mutuwata ma ba ta isa ta taso ta ba?" Nan aka koma gulmar wadda ba ta zo ba, aka ɗan manta da ni.

Ni dai jira nake. Da suka tashi tafiya (bayan 'yan jana'iza sun cinye farfesun mai jego tas, sun haɗa da ƙafar san da aka tsinto daga kwata aka wanke), na raka Inna bakin mota, na ce, "Inna, gobe zan mayar musu da kwamfutarsu."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ki mayar ki zamna da rabin ilimi? Rabin nan shi ya kusa kai ni kabari yau. Ki koma, kuma kada ki hito sai kin iya duka. In kinka sake kashe mini ɗiya, ni da ke ne."

Na koma. Na ba Malama Hadiza labari, ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, sannan ta zauna da ni muka buɗe aikin. Ta nuna mini abin da ya hana f2 tafiya tun farko, wata 'yar alama ce guda da na manta ban rufe ba. Muka goge f1 da f2. Yanzu sunansu aika_barkar_haihuwa da aika_sanarwar_rasuwa. Dogaye ne, Hausa ce tsagwaronta, kowa ya leƙo allona zai karanta. Bayanin saman kuwa goge shi muka yi gaba ɗaya, don ba abin da ya rage ya faɗa. Kuma na gwada a raina: da a ranar sai na buga kalmar rasuwa da yatsuna sannan in sa sunan Zara'u a gabanta, wallahi hannuna ba zai yarda ba. Da ranar haƙorin Ummi ma ba zan iya zuba kalmomin mutuwa a cikin abin da ke ɗauke da sunan barka ba, kunya za ta hana ni. Amma f1 ba ya da kunya, duk abin da ka zuba masa karɓa yake yi.

Abin da na koya ke nan, da tsada: bayanin gefe yana tsufa a inda ka bar shi, aikin ya canza shi bai sani ba, kuma ba zai taɓa ɗaga hannu ya ce ya daina faɗin gaskiya ba. Wanda zai fi saurin yarda da shi kuma kai ne, don rubutunka ne.

Har yau a Argungu in na shiga gidan biki sai wata ta ce a ɓoye wayoyi ga Mala'ikar Mutuwa ta iso. Zara'u kuwa Marigayiya suke ce mata, tana amsawa.

Don haka ina roƙonku abu biyu. In kuna rubuta wa kwamfuta umarni, don Allah ku kira kowane abu da sunan aikinsa, ko da sunan zai kai tsawon zane, ko da Hausar ƙauyenku ce. In kuma wata rana saƙo ya shigo muku daga wurina cewa wani ya rasu, ku daure ku nemi wanda ya ga gawar da idonsa kafin ku ɗauko likkafani.